Ta Mutu Ko Suma Ta Yi? Nazarin Wata Tsohuwar Talabijin Da Ta Ƙi Kamawa

Talabijin ɗin mai inci 32 ce, samfurin LCD, kuma takardar da ke manne a bayanta ta nuna a 2010 aka ƙera ta. Tun tana sabuwa gida ɗaya take. Ba ta taɓa faɗuwa ba, ruwa bai taɓa shigarta ba, ba a kuma taɓa kwance bayanta ba har ta cika shekara 14. Ranar da ta tsaya, an danna rimot shiru, an danna makunnin jikinta shiru. Ba hoto, ba sauti. Abin da ya rage na alamar rai shi ne 'yar jar fitilar da ke ƙasan allo, wadda ke ta ƙyaftawa, sai kuma wani ɗan ƙara da ke fitowa daga ciki, ƙas, ƙas, duk bayan daƙiƙa biyu ko uku.

Mutum biyu ne ke da ta cewa a kanta. Maigidan dattijo ne da ya yi ritaya, labarai da ƙwallo ne kallonsa, shi gyara yake so. Babban ɗansa, wanda daga aljihunsa kuɗin zai fito ko ta wace hanya aka bi, sabuwa yake so a saya. Kowannensu ya riga ya yanke hukunci tun ba a san abin da ya lalace ba, kuma abin dariyar shi ne hujjarsu ɗaya ce, wato shekarun talabijin ɗin. Uban na cewa da tsohuwar zuma ake magani, abin da ya yi shekara 14 bai ba da matsala ba ai ƙirar gaske ce. Ɗan na cewa abin da ya yi shekara 14 ya ci lokacinsa, a bar shi ya huta. Ni ɗan rakiya ne kawai a lamarin, amma na ga yadda aka bi shi daga farko har ƙarshe, kuma na ga shekarun nan ba su amsa tambayar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ciwon ya daɗe kafin ta kwanta

Da farko mutanen gidan sun ce ai haka kawai ta ɗauke, jiya lafiya lau yau shiru. Sai da aka matsa da tambaya labarin ya sauya. Watanni kafin nan ta fara nawa wajen tashi. A danna, ta yi ƙas ƙas sau biyu ko uku sannan hoto ya fito. Daga baya ta koma sai an jira minti guda, daga nan minti biyar. Idan ta riga ta kama, ta yi wuni guda ba ta ko gezau. Da sanyin safiya ta fi gardama, da rana tsaka ta fi saurin tashi. Har mutanen gidan suka saba da halinta, suka daina kashe ta idan za a ɗan fita, don gudun wahalar sake tayar da ita. Abin da ya ƙarasa ta shi ne wata tafiya da aka yi, aka cire filoginta daga soket na wasu kwanaki. Da aka dawo aka mayar, ba ta sake tashi ba.

Wannan tarihin ya fi duk wani awo da aka yi daga baya muhimmanci, kuma shi ne abin da masu talabijin suka fi mantawa su faɗa wa mai gyara. Na'urar da tsawa ko hauhawar wuta ta buge nan take take mutuwa, galibi ko 'yar fitilar jira ta ƙasan allo ba ta bari. Wadda ke ƙara nawa wata bayan wata, ta ƙi sanyi ta so ɗumi, wani abu ne ke tsufa a cikinta sannu a hankali, kuma abubuwan da ke da wannan hali a cikin talabijin ba su da yawa.

A gida an yi abin da ya kamata kowa ya yi kafin ya ɗauki kaya zuwa shago. An jona wata na'ura a soket ɗin, ta yi aiki. An sauya batiran rimot, an kuma auna shi da kyamarar waya: hasken da rimot ke fitarwa ido ba ya ganinsa, amma kyamarar wayoyi da yawa tana nuna shi yana walƙiya, kuma ya nuna. An cire dikoda da duk wayoyin da ke bayanta, an cire filogi, an danne makunni na rabin minti, an mayar. An haska tocila a jikin allo ko za a ga inuwar hoto, domin akwai talabijin da ake zaton ta mutu alhali fitilun bayan allonta ne kawai suka ɗauke. Ba a ga komai ba.

Hukuncin farko

Mai gyaran da aka fara kai wa bai kwance ko sukuru ɗaya ba. Ya jona ta, ya saurari ƙarar, ya ce bod, wato faifan da ƙananan kayan lantarkin ciki ke jere a kansa, ya ƙone, irin wannan bod ɗin ba a samunsa yanzu, gara a sayi sabuwa, in ana so shi zai karɓi wannan a matsayin kayan gyara. Ɗan ya ji abin da yake son ji. Uban kuwa ya tambaye shi wane bod ɗin, tunda ya ji an ce ba ɗaya ba ne a ciki, amsar ba ta fito fili ba.

Ba na ganin mutumin macuci ne. Akwai masu gyara da yawa yanzu da sana'arsu ta koma cire bod a sa bod, domin ya fi sauri, kuma sababbin talabijin ma haka ƙirarsu ta fi karkata. Ga wanda ya saba da haka, rashin bod a kasuwa daidai yake da rashin gyara. Laifinsa ɗaya, ya faɗi hukunci da murya irin ta wanda ya auna, alhali bai auna ba. Kalmar "ya ƙone" kuma tana tsorata mai kaya fiye da kima, don tana sa shi ya hango baƙin toka a ciki.

A kan teburin mai gyara na biyu

Na biyun tsoho ne a sana'ar, tun zamanin talabijin mai ƙaton baya yake yi. Kafin ya taɓa komai sai da ya saurari tarihin nan na nawa da sanyin safiya, ya gyaɗa kai, ya ce yana da zato amma sai ya gani. Ya kifa ta a kan bargo, ya cire murfin baya.

Cikin talabijin irin wannan ba shi da rikitarwa kamar yadda ake tsammani. Akwai bod ɗin wuta, wanda wayar soket ke shiga. Akwai babban bod, inda ƙwaƙwalwar na'urar take tare da ramukan HDMI da na eriya. Akwai ƙaramin bod da ke rarraba hoto zuwa allo, sai inbata mai kunna fitilun baya, sai allon kansa, wanda shi ne mafi tsada a cikinsu nesa ba kusa ba. Bod ɗin wuta yana karɓar wutar gida, ya mayar da ita DC, wato irin wutar da batir ke bayarwa, ya rarraba ta kashi-kashi. A irin wannan ƙira akan sami bolt 5 na zaman jira, wanda ke nan muddin filogi na jikin soket, da bolt 12 na babban bod da sauti, da bolt 24 na inbata. Idan aka danna rimot, babban bod da ke rayuwa a kan bolt 5 ɗin nan shi ke aika wa bod ɗin wuta umarnin ya saki sauran. In bolt 5 ɗin bai tsaya da ƙafarsa ba, umarnin zai tafi, nauyi ya hau, wutar ta faɗi, na'urar ta sake farawa daga farko. Ƙas ƙas ɗin da ake ji ke nan: tana yunƙurin tashi tana komawa.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi, don na san wani zai karanta ya ɗauko sukundireba. A ɓangaren da wutar gida ke shiga akwai wata babbar kafasita, wato ma'ajiyar caji, galibi an rubuta bolt 400 ko 450 a jikinta. Inda wutar gida take bolt 230, wannan kafasita tana riƙe sama da bolt 300, a wasu ƙirar ma har kusan 400, kuma tana iya ci gaba da riƙe shi bayan an cire filogi. Abu na farko da mai gyaran ya yi shi ne auna ta da mita, sannan ya sauke cajinta ta hanyar da ta dace kafin ya kai hannu. Wanda bai san wannan ba, bai kamata ya buɗe bayan talabijin ba.

Fis lafiya lau. Babu baƙi, babu warin ƙuna, babu abin da ya fashe a ɓangaren shigowar wuta. Da ya jona ta ya sa mita a layin jira, maimakon bolt 5 tsayayye sai allon mitar ya riƙa lilo, ya hau huɗu da wani abu ya gangaro uku. Sai ya juya bod ɗin wajen haske ya nuna wa uban da ɗan abin da ko ba mita ido zai gani: ƙananan kafasitoci uku, masu siffar gwangwani, kansu ya kumbura. Lafiyayyar kafasita samanta a shafe yake, da 'yar tsaga mai siffar X ko K da masu ƙira suka yi don in matsi ya taru a ciki ya fita ta nan maimakon ta fashe. Waɗannan ukun sun yi tozo, ɗaya ma har wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kanta.

Aikin kafasita a nan irin na tankin ruwa ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: ta tara in ya zo, ta saki in ya ɗauke, na cikin gida ya ga ruwa na zuba bai yanke ba. A cikinta akwai siraran faifan alminiyam da takarda da aka jiƙa da wani ruwan sinadari. Ruwan nan yana bushewa da zafi da daɗewa. Yana bushewa, turjiyar cikinta na ƙaruwa, turjiyar na ƙara mata zafi, zafin na ƙara busar da ita. Kuma turjiyar ta fi yawa idan kafasitar ta yi sanyi, tana raguwa idan ta ɗumama. Dalilin gardamar safiya ke nan, kuma dalilin da ya sa kwanakin da ta yi a cire, ta huce sarai, suka zama ƙarshenta.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa ba ukun da suka kumbura ba ne, kowa zai gan su. Wata 'yar ƙarama ce, mai maikurofarad 47 (ma'aunin ƙarfin kafasita ke nan), can kusa da guntun da ke sarrafa bod ɗin. Samanta a shafe, ba ta nuna komai ba. Ya sa mata na'urar auna turjiyar ciki, ta nuna ta tashi daga aiki. Ya ce irin waɗannan ƙananan ba su cika kumbura ba, bushewa suke yi shiru, kuma su ne ke sa a canza manyan a mayar wa mai kaya talabijin, bayan 'yan makonni ta dawo da ciwo iri ɗaya a ce mai gyara bai iya ba.

Akwai lissafin da ya bayyana dalilin da ya sa ɓangaren jira ne ya fara gajiya. Kafasitoci irin waɗannan da yawa an rubuta musu sa'o'i 2,000 a zafin digiri 105 na ma'aunin Salshiyas, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka rayuwarta sau biyu. A digiri 65 ke nan za ta kai sa'o'i 32,000, a digiri 45 kuwa 128,000. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce. Talabijin ɗin nan ana kallonta kamar sa'o'i takwas a rana, amma filoginta na jikin soket dare da rana, don haka ɓangaren jira ya yi aikin da ya haura sa'o'i 120,000 a shekara 14. Bai mutu da wuri ba, wa'adinsa ne ya cika.

Ɗan ya taɓa jin labarin annobar kafasita, ya tambaya ko ita ce. Lamarin gaskiya ne: daga wajejen 1999 zuwa 2007 an cika kasuwa da kafasitoci masu gurɓataccen ruwan sinadari daga wasu masana'antun Taiwan, suka riƙa kumbura cikin ƙanƙanin lokaci a kwamfutoci da sauran na'urori. Amma wannan talabijin ta zo bayan wancan zamani, kuma abin da ya yi shekara 14 yana aiki ba za a kira shi jabu ba.

Ya canza ukun da suka kumbura, da 'yar ƙaramar, da sauran 'yan uwansu na layi ɗaya ko da yake ba su nuna alama ba, don shekarunsu ɗaya zafin da suka sha ɗaya. Sababbin ƙarfinsu na maikurofarad daidai da na tsofaffin, bolt ɗinsu daidai ko sama da haka, masu jure digiri 105, masu ƙarancin turjiya, kowace ƙafarta ta kalli inda ya dace, don idan aka juya ta fashewa za ta yi. Ya bi wasu wuraren da dalma ta tsage a ƙafafun taransifoma ya sake narka su. Mita ta nuna bolt 5 cak. Aka danna makunni, sunan kamfanin ya bayyana a allo, murya ta fito. Kayan da aka sa ba su cika tafin hannu ba, kuma kuɗinsu da ladan aikin gaba ɗaya ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin sabuwa.

Labari na biyu da allon ya bayar

Uban ya fara murmushin wanda ya yi nasara, amma mai gyaran ya ce a dakata. Ya kashe ta, ya bari ta huce, ya sake kunnawa, ya ce su kalli farin da ke allon. Na ɗan lokaci farin ya yi ja-ja, kamar ruwan hoda, kafin ya washe. Kusurwa ɗaya ta sama kuma ta fi sauran duhu kaɗan.

"Baba, wutar na gyara, amma fitilun sun tsufa," in ji shi. "Ba yau ba, wataƙila ba bana ba. Amma ranar da ka ga hoto ya fito daƙiƙa biyu ya ɗauke, sauti na ci gaba, to su ne. Ranar kada ka kawo min ita gyara."

Wannan talabijin, kamar LCD da yawa na wancan zamani, ba ta amfani da fitilun LED. A bayan allonta akwai jerin siraran bututun gilashi masu haske da ake kira CCFL, dangin doguwar fitilar nan ta ofis, kuma inbata ce ke ɗaga musu wuta zuwa ɗaruruwan bolt. Masu ƙera su sukan ba su sa'o'i 50,000 zuwa 60,000 kafin haskensu ya ragu da rabi. Sa'o'i takwas a rana na shekara 14 ya haura 40,000. Jan da ake gani wajen tashi alamar tsufansu ce. Canza su yana nufin a ɗaga allon kansa, wanda siririn gilashi ne, a cire shimfiɗun da ke baza haske ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙura ta shiga ba, a kuma samo bututun da suka dace da tsawonsu, abin da ke ƙara wuya kowace shekara. Akwai masu mayar da irin wannan talabijin zuwa LED, amma aiki ne mai yawa, kuma sau tari hasken ba ya bazuwa daidai. A ra'ayinsa, kuma na yarda da shi, talabijin mai inci 32 ba ta cancanci wannan wahala ba.

Nan muhawarar ta dawo sabuwa, sai dai yanzu a kan abin da aka sani ake yin ta.

Hujjojin ɗan, ɗaya bayan ɗaya

"Baba, ka ji da kunnenka," in ji ɗan. "Yau wuta, gobe fitila. Gara a yi ta sau ɗaya a huta."

Hujjarsa mafi ƙarfi wadda bai fara da ita ba ce, wato cin wuta. Takardar bayan tsohuwar ta ce wat 110. Sabuwa mai girmanta mai fitilun LED takan tsaya wajejen wat 45. Lambar da ke kan takarda iyakar sama ce, ba lallai kullum ake kai ta ba, amma idan aka ɗauki bambancin wat 65 aka ninka da sa'o'i takwas da kwana 365, ana samun kusan yunit 190 na wuta a shekara. Ba ƙaramin abu ba ne. Ko zai biya kuɗin sabuwa cikin shekara nawa, wannan ya danganta da yadda mutum ke sayen wutarsa. Ga gidan da ke kan sola da batir kuwa, wat 65 na iya zama bambanci tsakanin batirin ya kai asuba da ya mutu da tsakar dare, kuma da gidan nan irin wannan ne, da na goyi bayan ɗan ba tare da dogon tunani ba.

Hujjar kyan hoto ta fi rauni fiye da yadda ya zata. Allon tsohuwar ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. Sababbi manya suna kai 3840 da 2160. A takarda tazarar babba ce. Amma faɗin allo mai inci 32 kimanin santimita 71 ne, wato kowane ɗigo ya ɗan haura rabin milimita, uban kuma daga nisan mita uku yake kallo. Daga wannan nisa ko mai lafiyayyen ido ba ya rarrabe ɗigon. Sabuwa za ta fi ta haske da kaifin launi, wannan gaskiya ne, musamman yanzu da fitilunta suka dushe. Amma yawan ɗigo sai an ƙara girman allo ko an matso kusa yake amfani.

Batun intanet da tashoshin zamani ma bai tsaya ba. Tun da ƙasashe da dama suka koma watsa shirye-shirye na dijital, tsofaffin talabijin da yawa suka daina kama tasha da kansu, amma gidan nan da dikoda suke kallo, kuma tsohuwar tana da ramin HDMI. Duk abin da sabuwa mai manhajoji ke yi, ƙaramar na'urar da ake sokawa a wannan rami tana yi. Ni ma har na fi son haka, don manhajojin cikin talabijin sukan tsufa su daina karɓar sabuntawa tun allon na da sauran ƙarfinsa, na'urar waje kuwa a cire ta a sa wata.

Sai garanti, wanda babu musu a kansa: sabuwa na da shi, gyararriya sai amanar mai gyara. Sai dai kada a ɗauka sabuwa ba ta da nata ciwon. Fitilun LED a jere ake haɗa su, ɗaya in ta mutu takan kashe layinta, na'urar kariya kuma ta kashe sauran, shi ya sa mutuwar hasken baya ta zama ruwan dare a teburin masu gyara a yau. Ƙananan talabijin da yawa kuma sun haɗe bod ɗin wuta da babban bod wuri guda, in ɓangare ya lalace duka ake nema. Wannan matsala ta kayan gyara ce ta sa Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2021, wadda ta wajabta wa kamfanoni samar wa masu gyara muhimman kayan talabijin na aƙalla shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin. Talabijin ta 2010 dokar ba ta shafe ta ba. Bod ɗinta sai dai daga jikin wata da ta riga ta mutu, kuma a nan mai gyaran farko bai yi ƙarya ba.

Uban ma ba duka hujjojinsa ne suka tsira ba. Ƙirar gaske da yake taƙama da ita ba ta hana ruwan kafasita bushewa ba, ba za ta hana fitilu dushewa ba. Da abin da aka gani a ciki layuka ne a tsaye a jikin allo, ko rabin hoto ya yi baƙi, ko gilashin ya tsage, da maganar gyara ta ƙare nan take, domin allo shi ne kusan dukan darajar talabijin. Haka nan da babban bod ne ya mutu ba a sami na cirewa ba. Abin da mutane ba su cika ganewa ba ke nan: talabijin da ta yi shiru gaba ɗaya sau da yawa ta fi sauƙin ceto a kan wadda ke kamawa tana nuna hoto mai zane. Wadda ta fi kama da gawa ita ce mai arahar magani.

Abin da aka tsayar

An mayar da ita gida a gyare, bisa sharaɗin da mai gyaran da kansa ya gindaya: ba za a sake kashe mata ko sisi a kan fitilu, allo ko babban bod ba. An fitar da ita daga cikin kabad ɗin da take ciki, inda ramukan iskarta na sama ke dab da katako, tunda kowane digiri 10 na zafi rabin rayuwar kafasita yake ci. An rage ƙarfin hasken baya daga ƙololuwa zuwa wajen rabi, abin da ke rage cin wuta ya kuma ja wa fitilun kwana. An sa mata soket mai makunni da kariyar hauhawar wuta, ana kashewa daga bango da dare. Ɗan ya sayo 'yar na'urar intanet ɗin ya soka a HDMI, ko da yake shi ya fi uban amfani da ita idan ya zo.

An kuma yi maganar inda za ta idan ranarta ta zo, don bututun CCFL na ɗauke da zaiba, ba abin fasawa a bola ba ne. Rahoton da hukumomin ITU da UNITAR na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Mai gyaran ya ce a kawo masa ita kada a jefar: zai cire bod ɗin wuta da babban bod da inbata ya ajiye wa wata irinta, bututun kuma ya haɗa da waɗanda yake tarawa ya miƙa wa masu karɓar irin wannan shara.

Watanni sun shuɗe tun daga lokacin. Tana tashi da dannawa ɗaya, safe ko rana, ƙas ƙas ɗin bai dawo ba. Jan da take yi wajen tashi ya ɗan ƙara daɗewa kafin ya washe, duhun kusurwar kuma yana nan. Ɗan bai sauya ra'ayi ba, har yanzu yana ganin jinkiri kawai aka saya, ya ma fara duba masu inci 43. Uban ya ce ya duba da kyau, amma kada ya biya kuɗi sai ranar da hoto ya ɗauke sauti ya ci gaba.